Jan bushin a ƙafar bayan mota: gyaran da ke jawo ɓarna

A 'yan shekarun nan wani sabon salo ya shigo cikin masu motoci, musamman ma'aikatan da ke da ɗan abin hannu da kuma waya mai intanet. Da zarar ƙafar bayan mota ta fara ƙara a kan gargada, sai a ba da shawarar a cire bushin ɗin roba a sa na foliyuretan, wato masu launin ja ko rawaya ko shunayya da kamfanoni irin su Energy Suspension na Amurka da Powerflex na Ingila da SuperPro na Ostareliya ke yi. Hujjar masu tallarsu uku ce: sun fi tauri, sun fi daɗewa, kuma mota za ta fi kama titi. Ana kiran wannan ɗaukaka darajar mota. Amma ga motar da ake zuwa ofis da ita, a kai yara makaranta, a tafi gida da salla, wannan canji galibi rage mata daraja yake yi, kuma mai motar ne ke biyan kuɗin ragin da hannunsa.

Kuskuren ya samo asali ne daga ɗaukar laushin roba a matsayin rauni. Bushin ɗin da kamfani ke sa wa mota roba ce da aka dafa ta manne da bututun ƙarfe na ciki, sau da yawa har da na waje. Idan taya ta hau ko ta sauka, babu abin da ke gogar wani a cikinsa. Robar ce ke murɗewa ta kuma dawo. Saboda haka ba ya buƙatar giris, ba ya kuka, kuma ƙura ba ta da ƙofar shiga. A cikin wannan murɗewar yake shanye girgiza da bugun titi kafin su isa ga bodi da ƙashin bayan direba.

Bayan haka, ba duk bushin ne dunƙulen roba kawai ba. Wanda ya duba babban bushin ɗin hannun baya na motoci da yawa zai ga an bar ramuka a jikin robar ta wasu ɓangarori. Injiniyoyi ne suka bar su da gangan, domin bushin ya yi laushi ta gaba da baya, inda taya ke cin karo da bakin rami, ya kuma yi tauri ta gefe, inda nauyin kwana ke turo shi. A wasu motocin har ruwa ake cika shi da shi. Akwai ma waɗanda aka ba wa aikin sitiyari a ɓoye. Porsche 928, wadda ta fito a 1977, ta yi suna da ƙafar baya da ke ɗan juyar da taya ciki idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, don kada bayan motar ya zame. Citroën ZX ta 1991 da Peugeot 306 ta 1993 sun yi amfani da robobin da ke riƙe da gatarin baya wajen karkatar da tayoyin kaɗan su bi kwana. Ita kanta Golf 3, wadda ta cika tashoshin Arewa, robobin gatarinta na baya an tsara su ne su gyara tsayuwar taya a kwana. Wanda ya cire irin wannan roba ya sa dunƙulen abu mai tauri ɗaya ta kowace fuska ya soke lissafin da aka gina motar a kansa, alhali bai yi wani lissafin a madadinsa ba.

Shi foliyuretan ba baƙon abu ba ne, kuma ba abin banza ba ne. Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka samar da shi a Jamus a 1937, kuma yau da shi ake yin katifa da tafin takalmi da fenti. Yana jure mai da iskar da ke tsattsaga roba. Ana auna taurin irin waɗannan kaya da ma'aunin Shore A: robar kamfani yawanci tana tsakanin 50 da 70, shi kuwa bushin ɗin foliyuretan da ake sayarwa yakan kama daga wajen 70 zuwa 95. Sai dai bambancin ya wuce na lamba. Galibinsa ba a manne yake da bututun ƙarfe ba, juyawa yake yi a kansa kamar ƙyaure a kan hinji. Duk abin da ke juyawa a kan ƙarfe yana son giris, shi kuma ba kowane giris yake so ba, sai na musamman da ake haɗo shi da shi. To a ƙasar da hunturu ke busa ƙura wata uku ko huɗu, damina kuma ta mai da unguwanni tafkuna, giris ɗin nan ko ruwa ya wanke shi ko ya haɗu da yashi ya koma abin goge ƙarfe. Daga nan sai kukan ƙiiƙii ya fara, ramin tsakiya ya faɗaɗa, motsin da aka gudu ya dawo. Maganinsa shi ne a riƙa kwance ƙafa lokaci zuwa lokaci ana wankewa ana sake shafawa, aikin da mai talla ba ya ambata kuma mai mota ba ya yi.

Matsala ta biyu ta fi wannan haɗari, domin ba a jin ta da kunne. Hinji ta fuska ɗaya yake juyawa, amma hannuwan ƙafar baya ba haka suke motsi ba. Tun da Mercedes 190 ta fito a 1982 da hannuwa biyar a kowace tayar baya, wannan tsari ya bazu, har ya kai ga Peugeot 406 da aka haɗa a Kaduna da Honda Accord da ma'aikata ke so. A irin wannan ƙafa kowane hannu yana juyawa yana kuma karkata a lokaci guda, kuma robar ce ke ba shi damar yin haka. Babban bushin ɗin hannun baya na Honda Civic ta shekarun 1990 da na BMW E46 misalai ne da masu harkar tsere kansu suka daɗe suna gargaɗi a kansu. Idan aka sa abu mai tauri a wurin, hannun sai ya cije. Ƙafar da ta cije kamar an ƙara mata sifirin ne da ba wanda ya auna ƙarfinsa: taya ba ta bin ƙasa yadda ya kamata, kuma a kwana mai gargada bayan mota na iya kuɓucewa ba tare da sanarwa ba. Wanda ya biya kuɗi don mota ta kama titi sai ya sami motar da ke kama shi a kan kwalta mai santsi, ta sake shi a inda ya fi buƙatarta.

Na uku, bugun rami ba ya ɓacewa don an hana roba shanye shi. Wucewa yake yi zuwa abin da ke gaba: kusoshi, kunnuwan da hannuwa ke maƙale da su, da wuraren walda a bodi. Yawancin motocin da ke kan titunan Najeriya da Nijar 'yan Beljiyam ne, sun yi shekara goma sha biyar ko ashirin, wasunsu sun sha gishirin da ake zubawa a titunan Turai da Amurka lokacin ƙanƙara, ƙarƙashinsu ya ci tsatsa. Bushin abu ne mai araha da aka yi shi don ya mutu a canza shi. Tsagewar shasi kuwa aikin walda ce, kuma motar da aka yi wa walda a ƙafa ba ta komawa yadda take, a titi ko a kasuwa. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Ya kamata a tuna cewa Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ta mallaki titunan Afirka ne da ƙafa mai laushi da dogon zango.

Masu goyon bayan foliyuretan suna da amsa, kuma ya dace a saurare ta. Sukan ce sun gwada, kuma motar ta daina lilo, sitiyari ya daidaita. Gaskiya ne sun ji canji. Amma da me suka kwatanta? Da robar da ta shekara goma sha biyar ta tsage ta rabu da ƙarfenta. Sabuwar roba ta gaske ma da ta ba su wannan daidaiton, ba tare da kuka da jijjiga ba. Sukan kuma ce robar kasuwa ba ta wata shida. Wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, domin a manyan kasuwannin kayan gyara na gaske da jabu a kwali iri ɗaya suke zuwa, har akwai garejin da ake yanka tsohuwar taya a cusa a matsayin bushin. Sai dai wannan ƙara ce a kan jabu, kuma foliyuretan bai tsira daga jabu ba. Launin ja ba shaidar inganci ba ce.

Wani kason laifin ma na ɗauri ne. Da yake robar manne take da bututunta, dole ne a ƙarasa ɗaure kusarta bayan an sauke mota ta zauna a kan tayoyinta. Idan bakanike ya ɗaure ta mota na kan jak, taya na reto, to da an sauke motar robar za ta zauna a murɗe dare da rana, kuma ko ta asali ce ba za ta yi ƙarko ba. Haka nan idan an buga ta da guduma maimakon a matse ta da injin matsi, ko aka juya ramukanta ba ta fuskar da kamfani ya nuna ba. Robar da aka kashe a ranar ɗaurinta ita ce ake zargi da rashin ƙarko.

Foliyuretan yana da wurinsa. A kan sandar sitabilaiza, wadda ke juyawa ta fuska ɗaya kuma ake iya kaiwa gare ta a shafa giris cikin sauƙi, ba shi da laifi sosai. A motar tsere, da ke gudu a fili mai santsi ana kuma kwance ƙafarta a kai a kai, taurinsa riba ne. A tsohuwar motar da aka daina yin robarta, ya fi babu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da ba shi da hujja shi ne a kwaso abin da aka yi don filin tsere a zuba shi gaba ɗaya a ƙafar motar iyali saboda an ga bidiyonsa.

Mai motar da bayanta ya fara ƙara yana da hanya mafi sauƙi. Ya sa a ɗaga ta a gano ainihin abin da ya mutu, domin sau da yawa shokozoba ce ko ɗan sandan sitabilaiza. Idan bushin ne, ya nemi na kamfanin motar ko na masu yi wa kamfanoni kaya irin su Lemförder, daga dilan da zai ba shi rasit ya kuma karɓi kayansa idan sun gaza. A canza hagu da dama tare, a matse su da inji, a ɗaure kusoshi mota na ƙasa, sannan a kai ta alaimen. Idan bakanike ya ce ɗauri a kan jak da ɗauri a ƙasa duk ɗaya ne, to a nemi wani garejin kafin a sayi ko da roba ɗaya.