Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

A ƙasashen Turai akwai wani irin wasa na talabijin inda akan tara mutane gida ɗaya, a kafa musu na'urar ɗaukar hoto dare da rana, jama'a suna kallon zamansu. Yau muna so mu jawo hankalin masu karatu ga yadda masu shirya wasannin nan suke yi da waɗanda suka sauya jinsi, watau wanda aka haifa da halittar namiji ya koma zaman mace, ko akasin haka.

A shekarar 2004 tashar Sky One ta Ingila ta nuna wani shiri da aka ɗauka a tsibirin Ibiza. Aka sa samari shida takarar neman wata 'yar ƙasar Meziko mai suna Miriam Rivera, wanda ya yi nasara a ba shi fam 10,000. Aka ɓoye musu asalinta, sai ran ƙarshe aka sa ta faɗa da bakinta a gaban na'ura. Samarin suka kai ƙara, aka biya su diyya kafin a nuna shirin. Ita kuwa aka bar ta jaridu suna yi mata ba'a. Ta rasu a 2019.

A cikin 2004 ɗin dai Nadia Almada, 'yar Fotugal, wadda ita ma ta sauya jinsi, ta ci gasar Big Brother ta Ingila. Masu kallo sun san labarinta tun farko, kuma su suka zaɓe ta. Ashe ba lalle sai an kunyata mutum ake samun 'yan kallo ba.

Mun sani ra'ayoyin mutane sun sha bamban game da sauya jinsi, wannan kuwa magana ce dabam. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya mai da asirin wani hajar sayarwa, ya kuma yaudari waɗansu da shi, ya ci amana sau biyu. Sa hannu a takardar yarda ba ya wanke shi, gama yarinya mai shekara 21 ba ta san iyakar abin da zai biyo baya ba, kamfanin kuwa ya sani sarai.

Tun 2021 hukumar Ofcom, mai kula da gidajen watsa labarai na Ingila, ta wajabta musu kula da lafiyar wanda suka sa cikin shiri in har shigarsa za ta iya jawo masa babbar cutarwa. Madalla da wannan, ko da yake an makara. Saura mu masu kallo. Muddin muna tafi, gardi ba zai daina dukan kura ba.