Crown Firecoach: Abin da Gari Ke Rasawa Idan Maƙerinsa Ya Rufe Ƙofa

Kamfanin Crown ya soma ne a birnin Los Angeles a 1904 da ƙera keken doki, daga baya ya yi suna da motocin safa na ɗaukar 'yan makaranta. A 1951 ya fito da motar kashe gobara mai suna Firecoach, wadda 'yan kwana-kwanan jihar Kalifoniya suka dogara da ita fiye da shekara talatin.

An ƙera ta ne daidai da ƙasar da za ta yi wa aiki. Mazaunin direba yana can gaba, injin yana bayansa, don haka direba na ganin hanya sosai. Da yawansu ba su da rufi, domin yankin ba ya fama da matsanancin sanyi. Uwa uba, masana'antar tana cikin birnin da ya fi sayen motar, saboda haka koken mai amfani ba ya daɗewa bai isa kunnen maƙeri ba.

Wannan kusanci shi ne kuma rauninsa. Kusan dukan masu sayen suna yammacin Amurka, kuma garin da ya sayi mota mai ƙarko yakan daɗe bai koma kasuwa ba. A 1978 masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da dokar rage harajin gidaje, aljihun ƙananan hukumomi ya tsuke. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 an daina ƙera Firecoach, kamfanin kuma ya rufe a 1991.

Wasu za su ce hukuncin kasuwa ke nan: ƙarami ya ba babba wuri, farashi ya sauka. Amma farashin bai sauka ba. A 2025 kamfanoni uku, wato REV, Oshkosh da Rosenbauer, su ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar Amurka, kuma gari kan jira sabuwar mota shekaru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: lokacin da gobarar daji ta afka wa Los Angeles a Janairun 2025, motocin hukumar kashe gobarar birnin da dama suna gareji suna jiran gyara.

Rashin Crown ba shi kaɗai ya jawo haka ba. Sai dai hukumar da ke duba arahar yau kawai wajen ba da kwangila, ba ta tambayar maƙera nawa za su rage gobe, da hannunta take rage wa kanta zaɓi.