Mai Keken Guragu Ma Yana Da 'Yancin Ganin Zanziba

Jama'a, a 'yan shekarun nan tsibirin Zanziba na ƙasar Tanzaniya ya zama wurin da 'yan Nijeriya ke zuwa hutu, har da 'ya'yanmu da ke kasuwanci a Legas da Ibadan da Fatakwal. Amma da zarar mai keken guragu ya ce shi ma zai je, abin da ya fara ji daga 'yan'uwansa shi ne, "Me za ka je yi?" Mu a ganinmu wannan tambaya ita ce katanga ta farko, kuma mu muka gina ta. Mun saba ganin gurgu a bakin titi yana bara, har mun manta akwai guragu teloli da malamai da 'yan kasuwa masu kuɗin tikitinsu.

Doka tana bayansa. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci ta 2018. Dokar ta wajabta wa duk kamfanin jirgin sama da ke aiki a Nijeriya ya tanadi keke mai lafiya, ya taimaka wa nakasasshe hawa da sauka cikin mutunci, ya kuma ba shi fifiko wajen shiga. Kamfanin da aka samu da laifin nuna bambanci tararsa Naira miliyan 1 ce, mutum kuwa Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Wa'adin shekara 5 da aka bai wa gine-ginen jama'a su gyara hanyoyin shiga ya cika tun Janairun 2024. Saboda haka wanda aka taimaka wa a filin jirgin Murtala Muhammed ba sadaka aka yi masa ba, haƙƙinsa aka ba shi.

To, amma haƙƙin da ba a nema a rubuce ba ya kan salwanta. A sanar da kamfanin jirgi aƙalla awa 48 kafin tashi. Wanda ba ya iya taka ƙasa ko kaɗan ya tabbatar an sa masa alamar WCHC a takardar tafiyarsa, domin ita ke nuna cewa sai an kai shi har kujerarsa da ɗan siririn keken da ke bi tsakanin kujeru. Idan kekensa mai batir ne, a faɗi irin batirin tun da wuri, don akwai ƙa'ida a kansa. Masu bi ta Addis Ababa ko Nairobi su nemi a rubuta taimakon a kowane zango. A ɗauki hoton keken kafin a miƙa shi, a cire matashin zama a shiga da shi. In an sauka an tarar an karya keken, a kai ƙara nan take kafin a bar filin jirgi. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kwana 7 kawai ta ba fasinja ya rubuta koke a kan kayan da aka lalata.

Shi kansa tsibirin ba za mu ɓoye wahalarsa ba. Tsohon garin da ake kira Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga yawancinsu, ƙofofin gidaje da shaguna da dama kuma sai an hau tudu. Yashin bakin teku yana riƙe ƙafar keke, a gabashin tsibirin kuwa ruwa kan janye da nisa in lokacinsa ya yi. Ruwan gishiri yana sa ƙarfe tsatsa, zafi da gumi suna jawo gyambon zama. Mai zuwa ta jirgin ruwa daga Darussalam, tafiyar kamar awa 2, ya tambayi yadda ake hawa da sauka tun kafin ya sayi tikiti. Kada a yarda da otal don ya ce "muna da wurin nakasassu". A nemi hoton banɗaki, a nemi su auna faɗin ƙofa da tef, a tambaya ko ɗakin a ƙasa yake. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wani zai ce kuɗin nan da an kashe shi a kan abin da ya fi amfani. Mun ji. Amma ba mu taɓa jin an faɗa wa mai ƙafa biyu haka ba in ya ɗauki iyalinsa zuwa Dubai. Wanda ya nemi kuɗinsa da guminsa shi ke da ikon yadda zai kashe su.

Don haka muna kira ga ƙungiyarmu ta ɗauki abu biyu. Na ɗaya, ofishin sakatare ya riƙa rubuta wa duk ɗan'uwa nakasasshe takardar neman taimako zuwa kamfanin jirgi da otal, kyauta, ya ajiye kwafi. Na biyu, in an wulaƙanta wani, mu raka shi da takardunsa zuwa hukumar nakasassu ta ƙasa da aka kafa a 2020, ko ofishin LASODA ga mazauna Legas. Iyalai kuma, in ɗanku ya zo da wannan magana, ku tambaye shi ranar tafiya da wanda zai raka shi.

Sakataren Ƙungiya