Ra'ayinmu: In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta

A watan Maris na shekarar 2023 hankalin masu zuba jari ya tashi ko'ina cikin duniya, saboda manyan bankuna sun durƙushe a Amurka da Suwis. Ya kamata mu san mafarin abin, domin darasinsa bai tsufa ba.

Bankin Silicon Valley na jihar Kalifoniya ya ɗauki ajiyar mutane ya sayi takardun bashi masu dogon wa'adi. Da babban bankin Amurka ya shiga ƙara kuɗin ruwa tun 2022 don yaƙi da tsadar rayuwa, sai darajar takardun nan ta faɗi. Labari ya bazu. Ran 9 ga Maris kaɗai, masu ajiya suka nemi fitar da dalar Amurka miliyar 42. Washegari hukuma ta rufe bankin. Bayan kwana 2 aka rufe Signature Bank. Ran 19 ga wata kuma, hukumomin Suwis suka sa bankin UBS ya saye Credit Suisse, wanda aka kafa tun 1856.

Banki ba ya kulle kuɗin jama'a cikin akwati, juya su yake yi. In kowa ya zo karɓar nasa rana ɗaya, babu bankin da zai tsaya. Saboda haka jarin banki na gaskiya shi ne amana.

Kada wani ya ce wannan gobarar nesa ce. In kuɗin ruwa ya hau kuma tsoro ya kama masu jari, ƙasashe matalauta suke fara juya wa baya. Kusan shekara 2 ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka yi ba su samun rance a kasuwannin kuɗi na duniya, sai a Janairun 2024 Kodibuwa ta sake samun shiga. Mu ma mun san zafin abin, tun da a 1990 bankin BDRN ya rushe saboda basussukan da ba a biya ba.

Don haka muna kira ga hukumomin da ke sa ido kan bankuna su riƙa bincike tun kafin ɓarna ta auku. Wanda ya ci bashi ya biya kan lokaci, kome girmansa. Mai ajiya kuma kada ya bi jita-jita. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.