Haƙƙin Hanya Bai Tsaya A Doron Ƙasa Ba



Malamanmu na Malikiyya sun tabbatar da cewa wanda ya haƙa rami ko ya ajiye dutse a kan hanyar jama'a ba da haƙƙi ba, to lamunin duk ɓarnar da ta biyo baya yana wuyansa. Mutanen Fagam da sauran ƙasar Gwaram ba su buƙatar dogon sharhi a nan, domin sun san abin da ke aukuwa idan aka toshe burtali. Nufinmu a wannan mako shi ne mu ɗaga wannan hukunci zuwa wata hanya da ke bisa kawunanmu, wato falakin da taurarin ɗan'adam ke bi.

Da taimakon taurarin nan ne ake hasashen damina, ake auna filaye, direba kuma ya gane hanya a wayarsa. Amma tun daga 1957 da Rasha ta harba na farko, masu harbawa suna barin matattun taurari da gangunan roka a can. Abin da ake bin sawunsa da na'urori, daga girman dunƙulen hannu zuwa sama, ya haura guda 25,000, ƙananan kuwa sun fi ƙarfin ƙirga. Kowanne yana gudun wajen kilomita 7 a daƙiƙa. Kafin mutum ya idar da alwala ya ratsa Nijeriya daga kudu zuwa arewa. A irin wannan gudu ko ɗan ƙusa ya isa ya huda kumbo.

A 2007 ƙasar Sin ta farfasa wani tsohon tauraronta da makami don gwaji, ya tarwatse fiye da gida 3,000. A 2009 kuma wani mataccen tauraron Rasha ya yi karo da na wani kamfanin Amurka. Kowane karo yana haifar da tarkacen da zai jawo wani karon.

Kada a ce ba ruwanmu. Nijeriya ta harba tauraronta na farko a 2003, shekara 46 bayan Rasha, wato mun tarar da hanya an riga an ɓata ta. Mu ma ba mu fita zargi ba, gama tauraronmu na sadarwa da aka harba a 2007 ya mutu a 2008. Wani lokaci ma tarkacen ƙasa yake yowa: a ƙarshen 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin kilo kusan 500 ya faɗo a ƙauyen Mukuku na Kenya. Allah ya tsare, bai faɗa kan kowa ba.

Akwai yarjejeniyar 1972 wadda ta ɗora biyan diyya kan ƙasar da ta harba, da ita ne Kanada ta nemi haƙƙinta bayan tauraron Rasha ya tarwatse a ƙasarta a 1978. Sai dai ba ta tilasta wa kowa shara ba, kuma a ganinmu nan ne giɓin yake. An gwada kama tarkace da raga a 2018, wani kamfanin Japan kuma ya kusanci wata tsohuwar gangar roka ya ɗauki hotonta a 2024. Aikin yana da tsada ƙwarai, ga shi doka ta ce mataccen tauraro yana nan mallakar mai shi, ba a taɓa shi sai da izninsa. Ya kamata wakilanmu a Majalisar Ɗinkin Duniya su matsa a ɗora kuɗin kwashewa kan manyan ƙasashen da suka zubar, Amurka da Rasha da Sin.