Kukan Talaka Ma A Saurare Shi

A watan Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a gyaran dokar laifukan intanet ta 2015, aka ce mana daga yanzu sashe na 24 ya daina zama sandar dukan masu sukar manya. Ba a yi wata uku ba, ranar 1 ga Mayu, 'yan sanda suka ɗauke ɗan jarida Daniel Ojukwu a Legas, suka kai shi Abuja, ya shafe fiye da mako a tsare saboda rahoton da ya rubuta kan wata kwangila. An gyara takarda, hali yana nan yadda yake.

Mun gaji da ganin hukuma tana rawar jiki idan babba ya ji haushi, tana kuma yin biris idan talaka ya kawo kuka. Ba mu manta da Aminu Adamu ba, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka bi sawunsa a 2022 har aka garƙame shi a gidan yarin Suleja kan saƙo guda a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin. Ba mu manta da Fabrairun 2019 ba, lokacin da matan Arewa suka yi ƙarfin hali suka fara bayyana cin zarafin da aka yi musu, sai ga jami'an SARS sun kama Maryam Awaisu a Kaduna, ɗaya daga cikin masu taya su magana.

To, ina yarinyar da tsohon saurayi ke yi wa barazanar watsa hotunanta a WhatsApp in ba ta biya masa buƙata ba? Ina matar da ake buɗe shafukan bogi da sunanta, ana zaginta har iyayenta? Idan ta daure ta je ofishin 'yan sanda, tambayar farko ita ce me ya kai ta ɗaukar hoton. Sai a nemi kuɗin mai, ko kuɗin bin diddigin waya. Daga ƙarshe a ce a je gida a sasanta. A gidan kuma a ce ta rufa wa kanta asiri, a ƙwace mata waya, wata ma a cire ta daga makaranta, shi kuwa mai laifin yana yawonsa yana neman ta gaba. A nan mu ma al'umma muna da namu alhakin, domin kunyar da ya kamata ta hau kan azzalumi mun ɗora wa wadda aka zalunta.

'Yan sanda za su ce ba su da isassun kayan aiki da ma'aikata, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma na'urar da ta gano ɗalibi a Dutse ba za ta kasa gano mai barazana a Fagge ko Tudun Wada ba.

Buƙatarmu ga Sufeto Janar a bayyane take. A ware teburin karɓar irin wannan ƙorafi a hedikwatar kowace jiha, da jami'a mace a kai. A ba mai ƙorafi takardar shaida da lamba, kada a karɓi ko sisi, kada sunanta ya fita. Cibiyar yaƙi da laifukan intanet da ke Abuja ta yi wa 'yar Gumel ko Funtuwa nisa. Majalisar dokokin Kano kuma, wadda ta daɗe tana jan ƙafa kan dokar hana cin zarafi ta 2015, ta san mata na jiran ta.

Muna sake faɗa: a karɓi ƙorafi, a rubuta, a bi shi. Ke da ake yi wa barazana, kada ki goge saƙon, ki ajiye hotonsa da lambar da ta turo, ki gaya wa wanda kika amince da shi. Kai kuma da aka turo wa hoton 'yar wani, ka ji tsoron Allah, kada ka tura wa kowa.