Sandunan golf ɗin Baba: kada ki ba 'yan gwangwan, kada ki ba ƙaramin yaro

Idan a ɗakin ajiyarku akwai wata tsohuwar jaka mai tsayi da sandunan ƙarfe a ciki, wadda maigida ya gada ko ya tsinto a gwanjo, maganar wannan makon taki ce. Ni ma ina da irinta. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya yi ɗaukar jaka yana yaro a filin golf na Rayfield da ke Jos, filin da aka buɗe tun 1913 zamanin haƙar kuza. Wani Bature da zai koma gida ya bar masa sanduna bakwai ƙirar Wilson Staff, daga lamba 3 zuwa 9. Bayan rasuwarsa saura ƙiris ƙanina ya auna su a sikelin 'yan gwangwan. Na karɓe su, kuma yau shekara huɗu ke nan ina buga ƙwallon lambu da su duk ranar da ba ni da aiki.

Bari in gaya miki abin da ya bambanta su. Kan sandar golf iri biyu ne, ƙira da zubi. Na zubi, narka ƙarfe ake yi a zuba a mazubi, kamar yadda ake yin tukunyar dalma. Na ƙira kuwa, ƙarfe mai ɗan taushi ake gasawa a daddaka shi har ya ɗauki siffa, kamar aikin maƙeri da fartanya, sai dai inji ne ke dukan. Tsofaffin nan ƙira ne, kansu ƙarami, bayansu a shafe, samansu siriri. A shekarun 1960 wani injiniya a Amurka, Karsten Solheim, mai kamfanin Ping, ya yaɗa dabarar rarake bayan sandar a mayar da nauyin gefe-gefe, yadda ko mutum bai daki ƙwallon daidai tsakiya ba za ta yi tafiya. Yawancin sandunan da ake sayarwa yanzu haka suke.

Su na Baba ba sa yafiya. Wurin da ya kamata ƙwallo ta sauka a fuskarsu bai wuce faɗin kwabo ba. Idan kin dace, ba ki jin komai a hannu sai wani laushi, ƙwallon ta tashi sak. Idan kin kuskure da rabin ɗan yatsa, girgizar za ta bi sandar ta hau tafin hannunki har gwiwar hannu, musamman da sassafe a lokacin hunturu. Wannan zafin ne ya koya mini wasan, domin ba sai wani ya ce mini na yi kuskure ba. Manyan 'yan wasa irin su Tiger Woods har yanzu irin wannan ƙirar suke riƙewa, amma su kullum suna fili. Ni da nake fita sau biyu a wata, ƙwallona ba ta kai ta abokan wasana nisa, kuma na daina jin kunya. Ko lambar ma ba ɗaya ba ce: fuskar tsohuwar lamba 7 ta fi kwantawa, kusan daidai take da lamba 8 ko 9 ta yanzu, don haka dole ta gaza nisa.

To ina ruwanki? Ɗana mai shekara tara ya matsa sai na ba shi ɗaya, na hana. Maigida ya ce ai sai a kai wa mai walda ya yanke tsawon. Nan ma na ce a'a. Kan lamba 7 kaɗai ya haura giram 250, kuma jikin sandar ƙarfe ne da aka yi don ƙarfin babban namiji. Idan aka yanke shi, ƙara tauri yake yi, nauyin kan kuma yana nan. Yaro zai riƙa jan sandar da wuyan hannu da baya, alhali ƙasusuwansa ba su gama haɗewa ba, ga kuma mugun salo da zai saba da shi. Akwai sandunan yara marasa nauyi da ake zaɓa gwargwadon tsawon yaro. Biyu ko uku sun ishe shi farawa, kada wani ya sa ki sayi jaka guda. Idan ya kai shekara sha huɗu ko sha biyar, jikinsa ya yi ƙwari, ya kuma iya dukan ƙwallo, sai ya gwada na kakansa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gida. Na taɓa karɓar wata yarinya 'yar shekara biyar a wurin aiki, yayanta yana lilo da irin wannan sandar a tsakar gida ita kuma tana tsaye a bayansa. Gefen kai ya same ta, inda ƙashin ya fi siriri. Raunin waje ƙarami ne, shi ya sa uwar ta shafa man zafi ta bar ta ta kwanta, sai da amai ya fara suka taho. Allah Ya sa ta warke. Idan irin haka ta faru, ko da fatar ba ta fashe ba, ki lura da amai, yawan barci, ruɗewa, ciwon kai mai ƙaruwa, jijjiga, ko jini da ruwa daga kunne ko hanci. Ko ɗaya kika gani, asibiti nan take. Idan ma ya suma ne na ɗan lokaci ya farfaɗo, kada ki jira wata alama.

Idan za ki riƙe su, ko ke da kanki kina sha'awar gwadawa (mata suna bugawa, da hijabina nake fita), fara da mariƙin. Robar da ta shekara arba'in ta bushe ta yi santsi, sandar na iya suɓucewa ta tashi sama. A filayen golf na Kano, Kaduna, Jos da Abuja za ki samu wanda zai sauya miki. Ki sa ya girgiza kan ya ji ko ya saki, ya kuma duba jikin sandar. Tsatsa a kai ba komai ba ce, ana goge ta da ɗan mai da soson ƙarfe mai laushi. Tsatsar da ta ci jikin sandar har ta yi rami kuwa, wannan sandar a jingine ta, domin tana iya karyewa ana tsakar bugu. Ki fara da lamba 8 ko 9. Lamba 3 ɗin Baba har yau ban taɓa tayar da ƙwallo da ita yadda ya kamata ba.

Tawa jakar tana saman wadrob, baki a zuge, kuma yaran sun san ba a sauke ta sai ranar da za mu fili.